Inda Muhsina Take Kwance

Shekara goma sha biyar ke nan Malam Arzika yana taka gonarsa ta Dundaye a hankali, kamar mai shiga ɗakin da jariri ke barci. A shekarar ambaliya ɗiyarsa Muhsina ta rasu, tana da shekara shida. Ruwa ya shanye hanyar maƙabarta, sai shi da wasu dattawa biyu suka yi mata sutura suka kwantar da ita a tudun gonar. Bayan kwana uku ruwan ya haye tudun ma. Da ya janye, ba itacen alama, ba tulin ƙasa, sai rairayi shimfiɗe. Dattawan nan tuni sun riga mu gidan gaskiya. Arzika ya kintaci wani gefe ta gabas, ya kewaye shi da ƙaya. Nan yake tsayawa ya yi mata addu'a, amma wallahi zuciyarsa ba ta taɓa yarda nan take ba.

Shi ya sa duk malamin gona da ya zo da zancen awon ƙasa yake korar sa. A soka ƙarfe a gonarsa? Allah ya kiyaye! Gero na ta ja baya kowace damina, maƙwabta na yi masa tsiya, shi ko a jikinsa.

Sai ranar wani taron manoma a Ƙofar Atiku, inda yake zaune yanzu. Wata malamar gona, Khairiyya, tana bayanin abincin shuka, ta ce akwai wani sinadari da ƙasarmu ke ƙarancinsa, shi ne kuma ya fi yawa a cikin ƙashi. Arzika bai ƙara jin komai ba. Ana watsewa ya tare ta.

Da hantsi suka isa gonar. Ta bi ta lungu-lungu tana ɗibar ƙasa, wuri goma sha biyu. Ka'idar aikin, a zuba duka a bokiti ɗaya a cakuɗa, a auna, a ba gona shawara ɗaya. Tana ɗaga bokitin ya sha gabanta.

"Malama, don Allah kar ki gama su. Kowace a auna ta daban."

"Baba, ba haka akan yi ba."

Ya faɗa mata dalili. Ta ce gaskiya ƙarfen nan taƙi ɗaya kawai yake shiga, awon ba ya gano kabari. Ya ce ya ji, ita dai ta yi. Ta ƙulla leda goma sha biyu, ta zana gonar a takarda, ta sa wa kowane wuri lamba.

Bayan mako biyu ta dawo da sakamako. Ƙasar ta gaji ƙwarai, in ji ta, tana neman takin gargajiya da buhu biyu na zamani. Wurare goma sha ɗaya duk yunwa ɗaya suke ji, har da bakin ƙayar nan tasa. Lamba bakwai ce kaɗai ta fita daban, sinadarin nan ya wadata a cikinta.

"Ina ne bakwai?"

Ta nuna masa tsakiyar gona. Ai ya san wurin! Nan gero ya fi tsayi duk shekara, nan yake zaɓar manyan zangarniyoyi ya ware na cin gida. Sau goma sha biyar shanun huɗa sun ratsa ta kai.

"Baba, tsohon juji ma yakan nuna haka," in ji Khairiyya da sauri. "Ko inda aka taɓa ɗaure shanu. Ban ce ita ce ba."

Arzika bai taɓa ɗaure shanu a gonar nan ba, ubansa ma haka.

Da azahar ya shiga gida. Matarsa Sadiyatu, uwar Muhsina, ta dama furar geron nan na cin gida ta ajiye masa, ta zauna tana kallon takardar da ke hannunsa.

"Mi anka gani?"

"Sun ce ƙasa ta gaji," ya ce. "A sa mata taki."

Ta gyaɗa kai. Ta ga ya ƙi taɓa ƙwaryar, sai ta jawo ta gabanta, ta yi bismilla. Ya buɗe baki zai hana ta, ya rasa da wace kalma zai fara. Yana kallo ta sha.