Kibiyar da ta Kashe Dodon Kogo

A shekarar 1999, shagon Anti Lauratu da ke Kurmin Sarki na cikin wurare ƙalilan a Suleja da ake shiga intanet. Ranar Asabar da hantsi abokai kan taru a can su buga wani wasa da Fakhruddeen ya ƙirƙira. Ma'aikacin kwamfuta ne a wani kamfani a Abuja. Wasan rubutu ne zalla, babu hoto. Kowa ya zaɓi abin da zai zama, jarumi ko maharbi ko mai magani, sannan a shiga daji tare da 'yan wasan Legas da Jos.

Aka yi ta ƙorafi cewa jarumai sun fi kowa ƙarfi. Gidiyon, malamin makaranta kuma aminin Fakhruddeen, shi ne ya fara cewa a gyara, duk da jarumi yake bugawa.

"Ka rage mana, abokina. Wasa ba daɗi in ɓangare ɗaya ke ci kullum."

Fakhruddeen ya rage. Ya kuma sa dokar cewa wanda ya mutu ya mutu ke nan. Amma da ya zo kan maharba sai ya tuna yadda Gidiyon ke kayar da maharbin da shi Fakhruddeen ke bugawa ana dariya. Ya ƙara wa kibiya ƙarfi fiye da kima, bai gaya wa kowa ba.

Asabar ta gaba aka nufi kogon dodo. Jarumin Gidiyon, wanda ya yi watanni yana renonsa, ya shiga gaba kamar yadda ya saba. Kafin a ankara dodo ya gama da shi.

Anti Lauratu ba ta taɓa buga wasan ba. Ranar ce aka lallaɓe ta ta zauna, ta zaɓi maharbi don sunan ya burge ta.

"Me zan rubuta?" ta tambaya.

"Rubuta harbi kawai," in ji wani.

Da yatsa ɗaya ta rubuta. Dodo ya faɗi matacce.

Aka fashe da dariya, sannan dariyar ta mutu. Kowa ya san maharbi Fakhruddeen ke bugawa. Idanu suka dawo kansa.

Gidiyon ne ya yi magana. "Ku daina kallonsa haka. Aikin nan shi kaɗai yake yi mana, dole wata rana hannu ya goce. Na san halinsa, ba zai yi da gangan ba."

Da zagi ya yi, da ya fi wa Fakhruddeen sauƙi. Ya sunkuyar da kai, ya ja allon rubutun kwamfuta, ya mayar da kibiya yadda take. Ya nemi hanyar dawo da jarumin, amma babu abin da ya rage nasa a cikin na'urar.

Ranar Litinin suka haɗu a motar Abuja, kujera ɗaya. Gidiyon na ta lissafa sunayen da zai iya sa wa sabon jaruminsa, yana tambayar wanne ya fi. Sau da dama Fakhruddeen ya yi niyyar gaya masa da gangan ya ƙara wa kibiya ƙarfi, sai ya fasa. Har suka wuce Zuba yana kallon taga, yana amsawa da "haka ne."