Sitiyarin Fijon Alhaji Mukhtari

Tun da idon Alhaji Mukhtari ya rufe, tsohuwar Fijo 504 ɗinsa take tsaye ƙarƙashin darbejiyar gidansu a unguwar Wulari, ganye na taruwa a kan gilashinta. Mota ce da ta girmi 'ya'yansa duka. Da ita ya yi dillancin shanu, ya ci kasuwannin Gubio da Monguno tun hanya tana lafiya. Yanzu kuwa da an yi la'asar sai ya lalubo ta da sanda, ya shiga kujerar direba, ya ɗora hannu a kan sitiyari ya yi shiru.

Matarsa Kaltumi takan hango shi daga ƙofar kicin. Shirun nan ya fi makantar cin ranta. Ta san shi mutum ne wanda in yana tuƙi bakinsa ba ya hutawa, yana nuna mata gonar wane, da rijiyar da mahaifinsa ya taɓa shayar da garke. Wannan mijin take kewa, ga shi kuwa suna gida ɗaya.

Ba ta yi shawara da kowa ba ta fara koyon tuƙi a ƙaramar motar 'yar ƙanwarta Khairat, har hannunta ya faɗa. Amma ranar da ta saci jiki ta shiga Fijon, sai ta ga aiki. Alhaji dogo ne, ita gajeriya. Ko da ta jawo kujera ta ɗora matashi, ta cikin zagayen sitiyarin take leƙen gabanta.

Sai ta aika a kira Dzarma, tsohon bakanike mutumin Biu, wanda shi yake duba motar tun yana da baƙin gashi. Ya zo da safe, ya canja batir, ya wanke filogi, sannan ya kwanta rigingine a ƙasan sitiyarin.

"Hajiya, wannan ba irin na yanzu ba ce da za ki ja ɗan ƙarfe sitiyari ya sauko," in ji shi. "Sai na kwance notikan da suka riƙe sandar, in cusa washa, in sassauto da ita. Amma Alhaji ya sani?"

Kafin ta amsa suka ji ƙarar sanda a kan siminti.

"Wa ke taɓa min mota?"

"Wushe, sannu Alhaji. Dzarma ne."

"Ni na kira shi," in ji Kaltumi.

Alhaji ya juyo da fuskarsa inda muryarta take. "Sayarwa za ku yi?"

"Dusuman zan kai ka, gonar Yaya Madu. Na koyi tuƙi."

Kaltumi ta shirya wa faɗa. Can sai ya matso ya dafa ƙofar motar, ya ce, "Dzarma, bi notin hagun nan a hankali, zarensa ya ci." Sannan ya ce da ita, "Shiga ki zauna. Kama sitiyarin."

Ta kama. Ya sunkuyo ya lalubi kafaɗarta, ya bi hannunta da yatsunsa har gwiwar hannu, har inda ta riƙe. Rabon da ya taɓa ta haka a hankali ta manta. Ta kau da kai don kada Dzarma ya ga idonta.

"Ya yi mata sama. Sauke."

Dzarma ya ƙara washa, sandar ta ɗan rusuno.

"Ƙara kaɗan. To, tsaya nan. Kaltumi, kina ganin hancin motar?"

"Ina gani."

"Ɗaure, Dzarma."

Ranar Asabar da hantsi suka fita. Motar ta mutu mata a cikin cunkoson Keke Napep, masu hon suka yi ta yi, gumi ya jiƙa mata mayafi. Alhaji ya ce, "Rabu da su. Saki kuloci a hankali, ba ta son gaggawa." Da suka wuce shingen sojoji gari ya fara ja da baya, sai ya sauke gilashi ya shaƙi iska, ya ce an ƙone karan gero a kusa. Haka ne kuwa.

A Dusuman an gama girbi, gonar yayan nasa fili ce fetal, ba itace ba rami. Kaltumi ta tsaya a tsakiya, ta ja birkin hannu.

"Alhaji, zagayo."

"Ke, kina da hankali?"

"Ba kowa sai ni da kai. Ni zan gani maka."

Ta kamo hannunsa ta zaunar da shi a kujerar direba. Ko da ya tura kujera baya, sitiyarin ya danne masa gwiwa. Ya yi dariya har da tari. "Kun mayar min da mota ta gajeru."

Ya sa giya. Motar ta tashi sumul, ba irin fizgar da take yi wa Kaltumi ba. "Dama kaɗan," take cewa. "Miƙe. Yanzu hagu." Ya zagaya gonar, ya sake zagayawa, ya sa giya ta biyu, iska na kaɗa masa rawani. Ita dai fuskarsa take kallo, har ta kusa mantawa da shingen ƙaya a gabansu.

Da ya kashe motar, sai ya fito ya jingina da ita. Daga nan ana jin manyan motoci a kan kwalta, sun nufi gabas.

"Waɗannan Dikwa za su," ya ce. "A can aka yanke min cibiya, bayan garin, inda muke sauka da shanu da damina. Da mai ya isa…"

"Mai ya isa, Alhaji. Hanyar ce ba tamu ba tukuna, babu tsaro."

Ya gyaɗa kai. Ta ɗauko tabarma ta shimfiɗa a inuwar motar, ta zuba masa shayi. Ya karɓa, amma bai zauna ba sai da ƙarar motar ƙarshe ta ɓace masa.