Yaryaɗin Inna Ya Ƙi Fure

Tun da likita ya ce idon Inna ba zai kai ƙarshen shekara ba, na kasa zaune na kasa tsaye. Ita kuwa abu guda ta roƙa: ta ga furen yaryaɗin da ta shuka a gindin tagarta, irin mai shuɗin nan da ke buɗewa da sassafe, rana na ɗagawa ya naɗe ya mutu. Ni da nake sayar da tsirrai a bakin titi, na bugi ƙirji na ce mata ta ɗauka an gama.

Yaryaɗi ya nannaɗe ƙarfen taga har ya kama igiyar shanya, ganye kore shar, amma fure ko na magani babu. Na rage taki, na rage ruwa, na tsinke kan reshe. Kullum kafin in fita sai na bi ganyen ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman ƙwarƙwata.

"Ya yi?" Inna kan tambaya daga ɗaki.

"Saura kaɗan, Inna."

"Kullum saura kaɗan. Ni dai idona ba ya jiran kowa."

Yayana mai gyaran wuta ne, kuma shi duk wanda yake ƙauna sai ya ƙara masa fitila. Da idon Inna ya fara dushewa, ya kafa mata wata jibgegiya a saman tagar, mai batir, ko an ɗauke wuta tana ci har gari ya waye. Inna ta ce in ta farka, hasken nan kaɗai ke gaya mata ba ta makance ba tukuna.

Wata safiya a wurin aiki na lura yaryaɗin da ke bayan tankin ruwa ya cika da fure, na ƙarƙashin fitilar titi kuwa ganye zalla. Nan take na tuna fitilar Yaya. Shukar nan sai ta sha dogon duhu ba yankewa, dare bayan dare, kafin ta ɗauki fure. Na bar kwastoma da tukunya a hannu na nufi gida.

"Wato ni na hana shi fure," in ji Yaya, fuska a murtuke. "Ki bar tsohuwa cikin duhu saboda ciyawa?"

"To mu mayar da fitilar cikin ɗaki, a rufe taga."

"Kin fi kowa sanin Inna ba ta iya numfashi in an rufe tagar."

Muna ta cacar baki a tsakar gida, ashe Inna na ji.

"Ku kashe ta," ta ce. "Duhun nan can zan je, da fitila ko babu. Gara in fara koyon hanya."

Aka kashe. Na koma kwana ɗakinta, kuma kowace safiya nakan tarar ta damƙe gefen zanena. Tsoro ya cika ni, na tsani kaina, na tsani yaryaɗin. Idon bai daina dushewa ba, har ta koma gane ni da murya. Sai ga ƙunshin fure ya fito, ɗan siriri a murɗe kamar laima a naɗe. Ranar ban iya cin abinci ba.

Washegari ya buɗe, guda ɗaya tal, shuɗi kamar an tsamo shi daga rinin baba, tsakiyarsa fari. Na kira Yaya, muka kamo Inna zuwa taga, ina ta gaggawa kada rana ta riga mu.

Ta kara fuska a ƙarfen, ta daɗe tana kallo.

"Masha Allah," ta ce. "Ya yi kyau, 'yar nan. Ya biya."

Ganye take kallo. Furen yana can gefen kunnenta.

Na buɗe baki, Yaya ya girgiza mini kai. Ya zaga waje a hankali, ya warware reshen daga ƙarfe, ya lanƙwaso shi har furen ya tsaya daidai inda idonta yake. Ya riƙe shi a nan bai saki ba.

"Ku bar ni in ƙara kallo," in ji Inna.