Kofin Torquil

Shekara arba'in Baba yana shinshina gangunan wiski a tsibirinmu na Islay, da hancin nan ya ciyar da mu. Fahariya kuwa, sai wanda ya gani. Ka miƙa masa kofi, ya gaya maka fadamar da aka yanko baƙar ƙasar da aka ƙona aka turara sha'irin.

Yayana Torquil yankan ƙasar ce sana'arsa, har ranar da teku ta cinye shi. Da yankansa na ƙarshe aka turara sha'irin wata ganga, da ta nuna aka kawo wa Baba kwalba ɗaya. Tun daga nan, duk ranar da Torquil ya cika shekara da rasuwa, sai in jera kofi uku Baba ya juya baya: biyu na kanti, ɗaya na Torquil. Bai taɓa kuskuren gano na Torquil ba. Bana abin da ya rage a kwalbar bai wuce kurɓi biyu ba.

Da la'asar na jera su, na Torquil a tsakiya. Baba ya ɗiga wa kowanne ruwa, ya ɗauki na hagu.

"Wannan kwalta ce da aidin. Wa zai sha asibiti?"

Ya ɗauki na tsakiya, ya daɗe hancinsa a ciki.

"Toka ce zalla. Ishbel, ina kike samo irin wannan tarkacen?"

Ya ture shi gefe. Ya ɗaga na dama, wanda na saya jiya, ya ce, "Ga yarona."

"Shi ne, Baba," na ce. Ni da ba na raga wa kowa, ranar na yi ƙarya ko ƙifta ido ban yi ba.

Ya zuba mini ido, ya ajiye kofin.

"Ke 'yar nan, tun kina ƙarama ba ki iya ƙarya ba. Kunnenki ke ja." Ya taɓa hancinsa. "Tun bazara ba na jin komai. Ko hayaƙin murhu. Canka kawai na yi."

Haushi ya kama ni, na rasa wa zan yi wa faɗa, sai kuka. Na tura masa na tsakiya.

"Wanda na kira toka?"

"Shi."

Ya riƙe kofin da hannu biyu, kamar mai ɗumama yatsu, sannan ya dawo mini da shi.

"A bakina ruwa ne. Shinshina ki gaya mini."

Ban gaji hancinsa ba, kullum yana yi mini gori a kai. Na rufe ido.

"Hayaƙi, Baba. Da gishiri. Da ɗan zaƙi can ƙasa. Da rigar sanyin Torquil, in ya dawo daga fadama a jiƙe ya rataye ta a ƙusa bayan ƙofa."

Baba ya juya ya dubi ƙofar. Ƙusar tana nan.

"Kar ki yi sauri," ya ce. "Sai me kuma?"