Murfin Bindiga Ba Ya Son Rakiya

Shekara da shekaru Saje yana koya wa kuratan 'yan sanda harbi, kuma a filinsa hanya ɗaya ce. In harsasai suka ƙare, murfin ƙaramar bindiga ya ja baya ya tsaya, ka zare gidan harsashin da ya ƙare, ka cusa cikakke, sannan ka danna ɗan maɓallin gefe da babban yatsa. Murfi ya koma gaba, ya tura harsashi ciki, bindiga ta ɗanu. Akwai wata hanyar, a kama murfin da hannun hagu a fizgo baya a saki, amma ita Saje ko ganinta ba ya son yi. Masu yin ta ya raɗa musu suna masu tatsar saniya.

Ana nan sai ƙofar motar sintiri ta datse masa babban yatsan dama. Ciwo ya warke, amma yatsa ya sandare, ko maɓallin riga ba ya iya ɓallewa da shi. Ga jarrabawar malaman harbi ta ƙarato, kuma ba a ɗaga wa kowa ƙafa: a harbe gidan harsashi ɗaya, a canza, a harbe na biyu kafin usur. Wanda ya faɗi, an raba shi da fili ke nan, sai ɗakin ajiyar takalma da barguna. Saje ya san ɗakin nan, ya san warinsa, kuma duk sanda ya tuna sai gabansa ya faɗi.

Ranar da kurata suka tafi cin abinci, ya zauna a rumfar fili da harsasan gwaji marasa albarushi. Ya danna, maɓalli ko gezau. Ya gwada da yatsan hagu, ya yi ta lalube, gumi na sa shi zamewa.

"Baba Saje, sannu da aiki."

Kofur ce, tsohuwar ɗalibarsa, mai gajerun yatsu da ba su taɓa kaiwa maɓallin ba. Ita ya fara kira Mai Tatsa, sunan kuwa ya bi ta har ofis.

"Ke kuma me ya kawo ki?" ya ce, yana tura bindigar ƙarƙashin hula.

"Na zo karɓar makullin ma'ajiya ne. Amma Baba, tun daga can nake ganinka. Yatsan nan ba zai yi ba."

"To, likita."

"Ni ba likita ba ce, mai tatsa ce. In ba ka ƙi ba, in nuna maka."

Ya dube ta, ya dubi yatsan, kunya ta rufe shi. Hakin da ka raina, in ji masu magana, shi ke tsone maka ido. Ya miƙa mata bindigar. Ta juya bakin bindigar wajen tudun ƙasa, ta dafe murfin da tafin hagu, ta fizgo, ta saki. Ƙaras! Har an gama.

Saje ya karɓa ya ja. Sai dai mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana cewa bindiga amana ce, ba a buga ta, ba a wurgar da ita, hannunsa ya kasa saki. Ya bi murfin a hankali yana lallaɓa shi, murfi ya tsaya a rabin hanya, harsashi ya maƙale.

Kofur ta yi dariya har da dafa gwiwa. "Baba, rakiya kake yi masa! Surukinka ne? Ka ja iya ja, ka sake shi, ya san hanyar gida."

"Zai lalace."

"Don haka aka ƙera shi. Lallaɓawar ce ke sa shi cijewa."

Tun daga ranar, kullum in fili ya watse sai su zauna. Ya ja, ya raka, ta ce a sake. Wani lokaci har ya yi fushi ya ce shi da ya koya mata riƙon bindiga ba za ta mai da shi kurtu ba. Ta bar shi ya gama faɗansa, ta ce a sake.

Ranar jarrabawa kurata suka cika bayan igiya, kowa na son ganin yadda za ta kaya. Sufeto mai kula da jarrabawar ya busa usur. Saje ya ɗaga bindiga ya harbe gida na farko tas, murfi ya ja baya ya tsaya. Ya zare, ya cusa sabo. Sai tsohon sabo ya yi halinsa, yatsan nan ya tafi kan maɓalli da kansa, ya danna, ba abin da ya motsa. Saje ya ji warin barguna har cikin hancinsa.

Hannun hagu ya haye murfin, ya fizgo shi har ƙarshe, ya buɗe yatsu gaba ɗaya kamar wanda ya taɓa garwashi.

Ƙaras!

Harbi ya biyo baya, ɗaya na bin ɗaya. Ya sauke bindiga, ya nuna babu saura, ya ajiye, sannan usur ya tashi. Kurata suka ɓarke da ihu, har da masu jefa hula sama. Da aka kawo allon, ramukan duk sun taru a tsakiya, tafin hannu ɗaya ya rufe su.

Sufeto ya jinjina kai yana murmushi. "Saje, yau kai ne da tatsa?"

"Yallaɓai, nonon dai ya zubo ko bai zubo ba?"

Daɗi ya cika shi har idanunsa suka kawo ruwa, ya fake da goge gumi. Washegari da sababbin kurata suka jeru, ya ɗaga musu sandararren yatsansa kowa ya gani.

"Hanya biyu ce," ya ce. "Ta farko zan faɗa muku da baki, don wannan ya yi ritaya, ni ban yi ba. Ta biyu kuwa, ku buɗe ido."

Ya waiwaya wajen rumfa, inda Kofur ke tsaye.

"Malama, bismillah."