Mita Huɗu

"Mama, ki taka yadda kika saba," in ji nas ɗin. "Daga wannan layi zuwa wancan."

Mai Maɓalli ta dubi layukan biyu da aka manna a ƙasan barandar asibitin. Mita huɗu kacal. Ita da ta shekara talatin tana tsallaka babban titi kullum zuwa shagonta na zare da maɓalli, yau an sa ta tafiya kamar mai tatata. Ta gyara mayafi ta taka. Autarta na tsaye a gefe da jaka, ta ƙi ɗago kai.

"Daƙiƙa takwas," nas ta ce a hankali. "Mama, fitilar babban titi ba ta jiran mai irin wannan tafiya. Kafin ki kai tsakiya an saki motoci."

"Ke 'yar nan, mota ba ta taɓa ko shafar zanena ba."

Ta san inda zancen ya dosa. Babban ɗanta ne ya matsa a yi gwajin, ya ce idan sakamakon bai yi kyau ba, sai dai a rufe shago.

Motar haya ta sauke su a bakin titin. Auta ta miƙo hannu, uwar ta ture.

"Tsaya nan ki ga aiki. Sai ki kai wa yayanki rahoto, tunda kin zama 'yar leƙen asirinsa."

Fitila ta ba masu ƙafa hanya, ta shiga titi. Saboda maganar nas, yau ta kafa wa fitilar ido, abin da ba ta taɓa yi ba. Mutane suka wuce ta dama da hagu. Ba ta kai rabi ba fitilar masu ƙafa ta koma ja.

Amma motoci ba su motsa ba. Mai jarida na tsallake ya riga ya shigo titi, hannunsa a sama kamar kullum, hannun da take amsa wa gaisuwa kowace safiya. Sai yau ta lura ba ita yake kallo ba. Direbobi yake kallo.

Da ta hau dakali ta tsaya har numfashinta ya daidaita, sannan ta juya wajen mai jaridar.

"Ɗan nan, tun yaushe?"

Ya sosa ƙeya. "Bai fi shekara ba, Mama."

"Ranar da ba ka fito ba fa?"

"Mai gyaran takalmi ke maye gurbina. Shi har zagi yake sha, ba shi da jikin tare mota."

Ta so ta yi dariya, sai ta fasa. Ta dubi siraran ƙafafun mai jaridar cikin silifas, ta dubi tayar babbar motar da ta wuce yanzu.

Auta ta iso tana haki. Uwar ta buɗe shago, ta zauna a kujerarta tsakanin kwalaben maɓalli.

"In kira Yaya?" in ji Auta.

"Bari sai na sayar da na yau." Ta jawo wata kwalba ta goge mata ƙura da bakin mayafi. "Ki samo mini kwalayen kwashe kayan shago. Masu ƙwari, ba irin waɗanda yayanki zai kawo ba."