Mai Kiɗan da Ake Kira Kabewa

Lokacin da Nagamine Setsuko ta fara aiki a kamfaninmu na wasannin bidiyo a Osaka, ofishin gaba ɗaya ɗaki biyu ne a saman wani shagon taliyar udon, kuma ƙamshin romo ya kama har rigunanmu. Ni, Oguri, aikina rubuta wa na'ura umarni. Teramoto Kohei shi ne shugaban sashen sauti, sashen da shi kaɗai ne a cikinsa kafin zuwanta. Ita kuwa fiyano ta karanta. Iyayenta manoman lemu ne a tsaunukan Arida, kuma ba ta taɓa buga wasan bidiyo ba.

Ranar farko Teramoto ya nuna mata na'urar wasan da za ta yi wa kiɗa. Ya ce, "Murya uku gare ta, sai ta huɗu mai shuuu kamar ruwan sama a kan kwano. Makaɗanki ke nan, ki gaishe su."

Ta dubi hannayenta. "To, Teramoto-san, sauran yatsun nawa fa, me zan yi da su?"

"Ki riƙa ɓare mana lemu."

Abin bai tsaya nan ba. Duk sa'ad da jarumin wasa ya yi tsalle ko ya kai sara, na'urar sai ta ƙwace murya ɗaya daga cikin kiɗan ta ba ƙarar takobi. Masu kiɗan sauran kamfanoni sun tsani wannan. Setsuko kuwa sai ta zauna tana kallon masu gwajin wasa, tana lura da inda suke yawan tsalle, ta riƙa barin gurbi a cikin karin waƙarta tun kafin a ƙwace. Murya ɗaya ta yi kira, a yi ɗan shiru, wata ta amsa daga ƙasa. Ta ce haka masu tsinkar lemu suke kiran juna daga wannan tudu zuwa wancan, sai ka jira kiran ya tsallake kwari. Wanda ya buga wasanmu na Tsibirin Fitilu yana ji kamar shi ne ke cike gurbin da hannunsa. Yara suka riƙa rera kiɗan da fito a hanyar makaranta.

A lokacin mai kamfani ya hana a sa sunayenmu na gaskiya a ƙarshen wasa, don kada wani kamfani ya sace masa ma'aikata. Kowa ya zaɓi laƙabi. Teramoto ya daɗe yana tsokanarta cewa askinta ya mai da kanta kamar kabewa, sai ta ce a rubuta mata Kabewa, don ya ji kunya.

Tana cikin tashenta mahaifiyarta ta kamu da shanyewar ɓarin jiki. Setsuko ta tattara ta koma Arida, tana jinya, tana kula da gona, tana koya wa yaran gari fiyano. Bayan wasu shekaru kamfanin ya rushe. Teramoto ya ci gaba da fafutuka, yau sautin talla, gobe ƙarar injin caca. Yana da kunne, amma karin waƙa mai shiga rai ba ya zo masa.

Yaran da suka buga wasanmu suka girma, suka fara tambaya a intanet: wane ne Kabewa? Wani ya tono cewa Teramoto ne shugaban sauti, sai aka ce ai shi ne. Da wani ɗan jarida ya tambaye shi, dariya kawai ya yi, ya ce, "Kai, wannan ai tsohon zance ne." Bai ce shi ne ba, bai ce ba shi ba ne. Daga nan ayyuka suka fara zuwa, ana gayyatarsa taruka, ana kawo masa tsofaffin kaset na wasan ya sa hannu. Na yi masa magana, ya ce zai gyara. Sai dai duk ranar da ta wuce, gyaran ƙara nauyi yake yi.

Sai ga wani babban zauren kiɗa a Tokyo ya shirya bikin waƙoƙin Kabewa da cikakken gungun makaɗa, aka roƙe shi ya rubuta sabon kiɗa na rufe taro, irin na da. Ya amsa. Ya shafe damina da kaka yana fama. Da na gan shi a tashar jirgin ƙasa ta Namba, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ya ce, "Oguri, ina barin gurbin, amma babu abin da ke amsawa. Ka raka ni Arida. In na tafi ni kaɗai, a tashar farko zan sauka."

Mun same ta da hantsi a saman tudu, da almakashi a hannu da tawul a wuya, gashinta ya yi fari fat. Ta yi mana kallo ɗaya ta ce, "Ikon Allah! Tsofaffi biyu da takalman ofis. Wa ya mutu?"

Teramoto ya matsa gabanta. Ya durƙusa a kan ƙasar, ya kai goshinsa har ƙasa.

"Tashi, kana danne mini saiwa," ta ce. Bai tashi ba. A haka ya faɗa mata komai, muryarsa na fitowa daga cikin ciyawa.

Ta bar shi ya gama. Sannan ta ce, "Na sani. Uban wata ɗalibata ya zo mini da mujalla yana murna, wai ashe na taɓa aiki da Kabewa. Na ce masa ƙwarai, mutum ne mai ƙaton kai."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

"Kada ka ɗauka ni gunkin dutse ce, Teramoto-san. Ranar nan, ina wanke wa mahaifiyata jiki, hawaye na zuba cikin ruwan. Ba sunan ne ya dame ni ba. Ina tsammanin wayarka ne, ko sau ɗaya, ka ce mini, 'Setsuko, kin ji abin da ake cewa?' mu yi dariya tare. Ba ka kira ba."

"Kunya ce ta hana ni."

"Kunyar da ba ta hana ka sa hannu a kaset ba?"

Ya miƙe tsaye. Ta miƙa masa kwando, ta miƙa mini ɗaya, muka yi ta jidon lemu har azahar ta gota. Da muka zauna cin dunƙulen shinkafa a bakin rumfa, sai ta sassauto.

Ta ce, "Akwai abin da ban manta ba. Ranar da mai kamfani ya ce kiɗana na bakin teku ya yi sanyi, a cire, kai ka tsaya ka ce in an cire shi ka ajiye aiki. Kuma ƙarar igiyar ruwan da ke ƙarƙashinsa kai ka haɗa ta, ni ban iya ba. Saboda haka ga yadda za a yi. Zan rubuta musu kiɗan. Kai za ka yi gangunan. Amma da bakinka za ka faɗa wa mutane, a tsaye, ba a takarda ba."

"In suka jefe ni fa?"

"'Yan Tokyo ne. Sai sun bi layi tukuna."

Ta rubuta kiɗan a cikin hunturu, a kan tsohon fiyanon da yara suka cinye wa fenti. Duk da an ba ta makaɗa cike da dandamali, yawancin lokaci kaɗan take bari su yi magana, sauran su jira. Jagoran makaɗan ya yi ƙorafi cewa masu goge suna zaune kamar masu jiran jirgi. Ta ce masa su yi haƙuri, jirgin zai zo.

Ranar bikin, da yammacin wata Lahadi, Teramoto ya fito kafin kiɗan ƙarshe. Aka yi ta tafi. Ya jira aka lafa, ya ce, "Ni ba Kabewa ba ne. Na bar ku kuna zaton haka saboda na ji daɗinsa. Mai kiɗan da kuke ƙauna tana nan, sunanta Nagamine Setsuko."

Setsuko ta fito cikin baƙar rigar da take zuwa jana'iza da ita, don ita kaɗai ce mai kyau da take da ita. Ta rusuna, ta ce, "Ku yi haƙuri, na makara." Wata mata a layin gaba ta fashe da kuka, sannan tafi ya ɓarke. Da aka fara kiɗan, na ga manyan mutane masu furfura a gefen kai suna motsa babban yatsa a kan gwiwa ba su sani ba.

Ba kowa ne ya yafe wa Teramoto ba. An zage shi a intanet, ayyukansa suka tsaya, wasu suka mayar masa da kaset ɗin da ya sa wa hannu. Bai yi gardama da kowa ba. Ita kuwa wasu 'yan mata masu ƙaramin kamfani a Kobe suka zo har gona suka roƙe ta, yanzu tana yi musu kiɗan wani wasa na mai raba wasiƙu a kan keke.

A jirgin ƙasan da ya dawo da mu Osaka washegari, tun kafin mu fita daga Tokyo Teramoto ya yi barci, baki buɗe, akwatin abincinsa a kan cinya ko buɗewa bai yi ba. Setsuko ta daɗe tana kallonsa. Ta cire mayafin wuyanta ta rufa masa, sannan ta zare akwatin a hankali.

Ta ce, "Oguri-san, kai ka ɗauki kifin. Ƙwan nawa ne."